Musalsal a kan bauta: amsoshin tambayoyin da mutanenmu na Makka da Jidda ke ta yi min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda maganar nan ta fita cewa mu wasu 'ya'yan Hausawan Hijaz muna zaman mayar da wani ƙagaggen labari a kan bauta ya zama musalsal, yani fim mai dogon zango irin na talabijin, tambayoyi ba su tsaya ba, a wajen ɗaurin aure a tare ni, bayan isha'i a tare ni, a waya kuma ba a magana. Labarin wata 'yar uwarmu ce ta rubuta shi, na wata yarinya da ta taso daga ƙasar Kano da iyayenta za su hajji a ƙafa wajen shekarun 1920, aka raba ta da su a bakin Bahar Maliya. Ga tambayoyin da suka fi yawa, yadda aka yi min su.

Malam, wai ƙagaggen labarin tarihi gaskiya ne ko ƙarya?

Yarinyar ƙagaggiya ce, ba a taɓa yin ta ba. Amma hanyar da ta bi da kasuwar da aka kai ta da dokar zamanin duk na gaske ne, kuma marubuci ba shi da ikon taɓa su. Zai iya ƙirƙiro mutum, ba zai iya ƙirƙiro shekarar da aka hana bauta ba.

Ɗana, me ya sa sai wannan? Abin da ya wuce a bar shi mana, yaranmu da ma suna shan gori

Wannan tambayar iyayenmu mata ne suka fi yi kuma wallahi na fahimce su, ba wanda ya tashi a unguwannin Makka irin Masfala ko Jarwal ko Shari' Mansur da bai san zafin kalmar nan da ake jefa wa baƙin mutum a filin ƙwallo ko a layin makaranta ba. Uwa tana tsoron a haska musalsal yau gobe a bi ɗanta da sunan jarumar. Tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba ko kaɗan.

Amma Hajiya shirun da muka yi shekara da shekaru bai hana gorin ba, abin da ya hana kawai shi ne yaranmu su samu abin da za su mayar. Yaron da bai san komai ba in aka ce masa duk baƙin da ke ƙasar nan sayo shi aka yi sai ya sunkuyar da kai, alhali mafi yawan kakanninmu da ƙafarsu suka zo, 'yantattu, daga Kano da Katsina da Borno suka ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan har Sawakin, wasu shekaru suka yi a hanya suna noma suna ɗinki suna tara kuɗin jirgi, wasu ma hijira suka yo bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, irin mutanen da suka kafa Mai Wurno a Sudan. Kuma ko wanda aka sayo ɗin ma, kunyar ta wa ce? Ta yarinyar da aka sace ce ko ta wanda ya sace ta ya ƙirga kuɗi? Ni abin da ya tura ni aikin nan kenan, ina so ɗan Hausawi ya zauna da abokinsa Balarabe su kalla tare kuma shi ba zai zama mai sunkuyar da kai a ɗakin ba.

An taɓa yin irin wannan a wani wuri?

An yi, wanda kowa ya sani shi ne Roots na Amurka, Alex Haley ya fitar da littafin a 1976, tashar ABC ta haska shi dare takwas a jere a watan Janairun 1977, daren ƙarshe kusan mutum miliyan 100 suka kalla. Labarin Kunta Kinte ne da aka kamo daga Gambiya. A 2016 aka sake yin sabo. A Barazil kuma a 1976 sun yi na wata baiwa Isaura daga wani littafi na 1875, ƙasashe da yawa suka saya suka haska.

Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne mu ma muna da namu tun da daɗewa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, yaro ne aka sace aka yi arewa da shi ta Sahara, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, Adamu Halilu ya mayar da shi fim da Hausa a 1976, an gyara fim ɗin an nuna shi a birnin Balin na Jamus a 2018. Mutumin da ya zama firayim ministan Najeriya na farko bai ga abin kunya ba ne ya rubuta wannan. A ɓangaren Larabci ma marubuta sun fara taɓawa, littafin Jokha Alharthi 'yar Oman da ya ci babbar kyauta ta duniya a 2019 akwai baiwa a tsakiyar labarinsa, Oman kuwa sai 1970 ta hana bauta. A takarda ana rubutawa, a allo ne har yanzu ake ja da baya.

Toh ku kwafi salon na Amurkan kawai mana tunda ya karɓu

Ba zai yiwu ba, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Idon mai kallo ya saba da hoto ɗaya, gonar auduga, Bature da bulala a kan doki, jirgin ruwa da sarƙoƙi. In muka ɗora wannan a kan hanyar Makka mun yi ƙarya. Bautar ɓangarenmu mata da yara suka fi yawa a cikinta, aikin cikin gida ne, ɗebo ruwa, niƙa, reno, sa-ɗaka, maza kuma dako da gini da gonakin dabino da nutso neman lu'ulu'u a teku. Mai gida da baiwa sau da yawa alƙibla ɗaya suke kallo, kwano ɗaya ma wani lokacin, kuma duk da haka gobe in bashi ya kama shi zai iya kai ta kasuwa. Wannan kusancin shi ne ciwon, kuma shi ya kamata kyamara ta kama.

Sannan shi kansa Roots masana tarihi sun yi masa gyara, sun ce salsalar da Haley ya jero ba ta tsaya da ƙafarta ba, a 1978 ma sai da ya sasanta da wani marubuci Harold Courlander da ya kai shi kotu kan ɗaukar masa rubutu. Kuma fim ɗin ya fi nuna Turawa na bin mutane a daji, alhali yawancin kamun 'yan ƙasa ne suke yi su kai bakin teku. Ya yi babban aiki amma ba a kansa za mu auna namu ba.

Da gaske ne an sayar da alhazai a ƙasar nan? Ni ban yarda ba

Da gaske ne Yaya, ba daɗin faɗa amma a rubuce yake. A Makka akwai wajen da ake kira dakka kusa da Harami inda ake zaunar da bayi a kan dakali masu saye na dubawa, wani Bature ɗan Holan Snouck Hurgronje da ya zauna a garin a 1885 ya rubuta yadda wajen yake. A 1855 da Daular Usmaniyya ta yi yunƙurin hana cinikin sai da aka yi bore a Makka, shi ya sa dokar hanin da suka fitar a 1857 ta tsallake Hijaz. Bayan yarjejeniyar Jidda ta 1927 tsakanin Ingila da Sarki Abdul'aziz ofishin jakadancin Ingila a Jidda yana da ikon 'yanta bawan da ya gudo wajensu, har zuwa 1936 da suka sauka daga wannan ikon bayan Sarki Abdul'aziz ya fitar da dokar taƙaita shigo da bayi, kuma a cikin takardunsu akwai mutanen Afirka ta Yamma da suka ce hajji suka zo aka sace su ko wanda ya riƙo su ya sayar da su. Masu fasa-ƙwauri kan tsallako da mutane a ƙananan jiragen ruwa da dare su sauke su nesa da Jidda, wajen da ba mai tambaya. Hani na ƙarshe ya zo a watan Nuwamban 1962 ta hannun Faisal lokacin yana yarima mai jiran gado, gwamnati ta biya masu bayi diyya aka sake su. 1962 fa, akwai tsofaffi da ransu yau da suka ga wannan da idonsu.

Za ku nuna cewa namu ma sun kama bayi? Ko Larabawa kaɗai za ku ɗora wa?

Za mu nuna, in ba mu nuna ba gara mu bar aikin. A labarinmu wanda ya miƙa yarinyar ga dillali Bahaushe ne, madugun ayarinsu, mutumin da ubanta ke kira ɗan uwa. Wasu sun ce in cire shi, na ƙi.

Duk wanda ya san Hausa ya san ba a banza muke da kalmomin rinji da murgu da bacucane da kuyanga da ƙwarƙwara ba. Masu bincike irin su Lovejoy da Hogendorn sun kiyasta bayin da ke Daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5, ana cinikinsu a kasuwannin manyan birane har Kano, kuma a fadar Kano manyan muƙamai irin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama na bayin sarki ne, masu ƙarfin faɗa a ji, wanda shi ma wani ɓangare ne na labarin da ba ya shiga salon Amurka. Turawa da suka zo ba su hana a rana ɗaya ba, dokar Gwamna Lugga ta ce yaran da aka haifa daga Afrilun 1901 'yantattu ne amma bautar kanta sai 1936 aka soke ta a Arewa. A Nijar sai 2003 aka mayar da ita laifi, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana yarinya a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ƙarawa a kan mata huɗu. A Sudan ga Zubairu Fasha babban mai cinikin bayi, ga Rabeh da ya taso a hannunsa ya je ya ci Borno. Yani yawancin gidajenmu in aka tona za a samu wanda aka kama kuma za a samu wanda ya kama, wani lokacin a zuri'a ɗaya. Musalsal ɗin da zai ce mu duka waɗanda aka zalunta ne kawai zai yi daɗin kallo, amma jikokin bayin rinji da har yau ake hana su aure a wasu garuruwa za su san an sake share su.

Malam ba ka tsoron a ce kuna ɓata sunan Musulunci?

Ina tsoron Allah a kan in ɓoye zalunci da sunan kare addini. Hadisi ne a Bukhari, mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗaya shi ne wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa. Suratul Balad ta kira 'yanta wuya a cikin hawan aƙaba, wato hanyar alheri mai wuyar hawa. Kuma malamanmu ba su yi shiru ba, Ahmad Baba na Tumbutu wajen 1615 ya yi fatawa ya jero mutanen Kano da Katsina da Borno da Gobir da Sangai ya ce Musulmi ne bai halatta a bautar da su ba, kuma baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba. Da ba a yin abin ai da ba a tambaye shi ba. A labarinmu akwai malami a ayarin da ya tsaya ya yi magana, akwai kuma wanda ya rubuta takardar cinikin da hannunsa ya karɓi ladansa, dukansu an yi irinsu. Ba za mu sa wani ya fito a matsayin sahabi ko wani shehi sananne ba, mutanen gari ne kawai.

Me ke canzawa in aka ɗauko littafi aka kai shi allo?

Abu da yawa, kuma marubuciyar sai da ta yi haƙuri. Littafi yana shiga cikin kan mutum, shafi goma yarinyar na tunanin uwarta, kyamara kuwa ba ta ganin tunani sai an ba ta abin gani. Sai muka ba yarinyar wani ɗan guntun saƙi da ta yago daga bakin zanen uwar lokacin da ake janye ta, tana ɓoye shi a ƙugunta, duk gidan da aka kai ta abin da take fara nema shi ne inda za ta tura shi kar a gani, mai kallo na ganin hannunta ya tafi ƙugu ya san inda zuciyarta take ba sai ta buɗe baki ba.

Sannan mutane suna raguwa, dillalai huɗu na littafi sun koma ɗaya, tafiyar shekaru ta koma kashi uku. Kowane kashi dole ya ƙare a wajen da zai sa a dawo gobe, kuma nan haɗarin yake, don in ba a yi hankali ba sai a mayar da wahalar mutane abin jan 'yan kallo, kowane dare a nemo sabuwar masifa a ɗora wa yarinya. Haɗari na biyu shi ne mai ceto, furodusa zai ce a sa wani mai gida mai kirki ko wani Bature ɗan ofishin jakadanci ya zama shi ne jarumi don masu kallo su samu wanda za su so. Mutanen kirki suna nan a labarin amma ba nasu ba ne, duk fitowar da ba ta cikinta sai mun tambayi kanmu me ya sa. Wasu kuma sun ce mu ja shi ya kai kashi 30 don ya shiga kasuwar azumi, mu 10 muke so, labarin ba shi da kitsen da zai kai talatin sai an cika shi da soyayyar ƙarya.

Za a iya kallo da yara? Ban son duka da tsiraici a gidana

Tsiraici babu, fyaɗe ba za a nuna ba, za a gane ya faru daga abin da ya biyo baya. Duka kaɗan ne. Fitowar da ta fi kowacce nauyi a rubutunmu ba jini a cikinta ko ɗigo, mai saye ne ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓen yarinyar yana duba haƙoranta, ya juya tafin hannunta ya ga ko ta saba aiki, ya ce ta yi tafiya zuwa bango ta dawo, duk yana hira da dillali a kan tsadar shinkafa bai kalli idonta ba sau ɗaya. Ni a ganina daga shekara 13 zuwa sama, kuma iyaye su zauna tare da su don za su yi tambaya.

Da wane yare za a yi, Hausa ko Larabci?

Duka biyun da rubutun fassara a ƙasa. A hanya Hausa da ɗan Barbarci da Fulatanci, a Sudan Larabcinsu, a nan kuma na Hijaz. Muna so mai kallo ya ji yadda Hausar yarinyar ke raguwa kashi bayan kashi. Matsalarmu ita ce Hausar 1920 ba irin tamu ta yanzu ba ce da rabinta Larabci ne irin su yani da kalas, ba kuma ta finafinan Kano ta yau ba, dole a zauna da tsofaffi a gyara kowane layi.

Su wa za su fito a ciki?

Baƙaƙe za su fito a matsayin baƙaƙe, shikenan. Mun gaji da ganin an shafa wa ɗan wasa baƙin fenti a musalsal ɗin azumi ana kwaikwayon maganar 'yan Sudan don a yi dariya, ko kuma baƙar mace ba ta da aiki sai riƙe tire a bayan uwar gida. Akwai yaranmu masu basira a Makka da Jidda da Madina, akwai 'yan Sudan da yawa da yaƙi ya kawo, akwai na Kano. Kuma duk wadda za ta hau matsayin baiwa sai an zauna da ita da iyayenta tukunna, don ita za ta shiga kasuwa gobe mutane na nuna ta.

Kuɗi fa, da izini, da wajen ɗauka?

Fim ɗin tarihi tsada gare shi, raƙuma, jirgin ruwa na katako, tufafin saƙi, kuma duk inda ka juya kyamara akwai falwaya ko eriya da za a ɓoye. Ƙofa ta ɗan buɗu, an dawo da silima a Saudiyya a 2018, an kafa hukumar fina-finai a 2020, bikin fina-finai na Bahar Maliya na gudana a Jidda tun 2021, amma kowane rubutu sai ya bi ta hannun hukuma kafin a ɗauka kuma namu ma zai bi. Tsohuwar Jidda wato Balad tana nan da gidajenta na da, za ta yi mana. Tsofaffin unguwannin Makka kuwa yawanci faɗaɗa Harami ya cinye su, na Jidda irin Karantina da Sabil an rushe su tsakanin 2021 da 2022, sai dai a gina a sutudiyo. Sawakin da muka fi so ba ta yiwuwa yanzu saboda yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, Allah ya kawo musu sauƙi. Ɓangaren tashin ayari a Arewacin Najeriya ko Nijar ya kamata a ɗauka.

Kakata tana da labari irin wannan amma ba ta son faɗa, yaya zan yi?

Kar ki matsa mata 'yar uwa, kuma kar ki ɗauki muryarta a ɓoye. Kar ki fara da tambayar bauta, fara da hanya, wane gari suka fara sauka, me suke ci, wa ya yi mata tsagen fuskarta, wace waƙa uwarta ke yi in tana daka, sauran in ta ga dama zai zo da kansa, wani lokacin sai an yi zama da yawa. In ta yarda ki ɗauka a waya ki ajiye a wuri biyu, ki rubuta sunayen garuruwan yadda ta faɗe su ko da ba ki gane su ba, daga baya ana iya gano su a taswira. Labarin na gidanku ne, mu ba ma karɓar komai sai da yardarta da ta 'ya'yanta, kuma ko mun yi amfani da wani abu sai mun canza suna da gari yadda ba mai gane ta. In ta ce a bar shi a cikin gida toh a bar shi a cikin gida, ku dai ku ajiye wa jikoki.